Kayan aro da ya rufe katara: tarihin ƙungiyar Hershey Bears

A watan Yunin 2015 ƙungiyar Manchester Monarchs ta jihar New Hampshire a Amurka ta doke Utica Comets ta ɗauki kofin Calder, kofin da ya fi kowane daraja a rukuni na biyu na wasan hokin ƙanƙara a Amurka da Kanada. Mutanen Manchester sun yi murna, sai dai murna ce haɗe da bankwana, domin tun watan Janairu aka shaida musu cewa kakar wasa na ƙarewa za a kwashe ƙungiyar a kai ta Kalifoniya, kusa da uwar ƙungiyarta, Los Angeles Kings. Haka kuwa aka yi. A wannan shekarar kaɗai ƙungiyoyi biyar aka tayar daga garuruwansu aka kai Kalifoniya. Cin kofi bai hana ba, cikar 'yan kallo ma ba ta hana ba.

Haka rayuwa take a wannan rukuni da ake kira AHL. Shi ya sa labarin Hershey Bears yake ɗaure mini kai. Ƙungiya ce ta wani ɗan gari a jihar Pennsylvania wanda mutanensa ba su wuce 14,000 ba. Ta shiga gasar a 1938, kuma daga lokacin zuwa yau ba ta sauya gari ba, ba ta sauya suna ba. Ta ci kofin Calder sau 13, ba a samu wadda ta kamo ta ba. Manyan birane irin su Cleveland da Pittsburgh da Buffalo duk sun yi ƙungiyoyi masu ƙarfi a wannan gasa sun rasa su. Me Hershey ta riƙe da ya gagari waɗannan?

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba: mutum shida-shida ne har da mai tsaron raga, a kan daskararren ruwa da aka kewaye da katanga. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanda mai lanƙwasa. Zango uku ake yi, kowane minti 20. Gudun ya yi tsananin da da wuya ɗan wasa ya wuce minti guda a fili bai fito ya huta ba, saboda haka kowace ƙungiya takan zo da mutum 18 ban da masu tsaron raga biyu, ana ta musanya su wasa na tafiya. Ko da yake faifai ne, zan ci gaba da cewa an ci ƙwallo, don shi ne bakinmu ya saba.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne tsarin gasar, domin ya saɓa da na ƙwallon ƙafa da muka sani. A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce take hawa ko ta faɗo: ta yi ƙoƙari a rukuni na biyu, baɗi tana cikin manya. A nan ƙofar a rufe take. Hershey ko kofi ɗari ta ci ba za ta taɓa shiga babbar gasa ta NHL ba. 'Yan wasa ne suke hawa da sauka. NHL tana da ƙungiyoyi 32, AHL ma 32, kowace babba da ƙaramarta. Babbar ce take ɗaukar yara, ta sa musu hannu a kwantiragi, ta biya albashinsu, sannan ta tura su ƙaramar su goge. Yawancinsu kwantiragi mai fuska biyu gare su: albashi ɗaya idan yana sama, wani idan yana ƙasa. A kakar 2023 zuwa 2024 mafi ƙarancin albashi a NHL dala 775,000 ne a shekara, alhali sabon yaro da aka turo ƙasa wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan yake karɓa. Ranar da wani ya ji rauni a sama, waya ɗaya za a buga, kafin gari ya waye gwanin ƙaramar ƙungiya ya ɗaure jakarsa, ko da kuwa gobe take da wasan da ya fi kowane muhimmanci gare ta.

Wato ƙaramar ƙungiya inuwar giginya ce, na nesa ke shan ta. Ta raini yaro, 'yan gari su saba da shi, su sayi riga mai sunansa, ranar da ya nuna a tsinke shi. Har doka aka yi don kada ta kauce wa wannan aiki: dokar da aka daɗe ana bi ta ce cikin mutum 18 da za su fito wasa, 13 dole su kasance masu tasowa, waɗanda ba su tara wasanni da yawa a matsayin ƙwararru ba. Tsofaffin hannu gurbi kaɗan aka bar musu. Mai ƙungiya a irin wannan gasa yana sayar da tikitin kayan da ba nasa ba ne.

Asalin Hershey kuwa ba daga wasa ya faro ba. Daga madara da sukari da koko ne. Milton Hershey, wanda aka haifa a 1857, ya yi ta faɗuwa a sana'ar alewa kafin ya dace da alewar madara a garin Lancaster. A 1900 ya sayar da wannan kamfani a kan dala miliyan ɗaya, ya koma yankin da aka haife shi, ƙasar manoma masu shanun madara, ya gina masana'antar cakulan wadda ta fara aiki a 1905. Babu gari a wurin, sai ya gina garin: gidajen ma'aikata, banki, makaranta, layin tarago, da wurin shaƙatawa. Manyan titunan garin biyu har yau sunayensu Chocolate da Cocoa, fitilun bakin titi ma siffar cakulan ɗin kamfanin aka yi musu. A 1909 shi da matarsa Catherine, da yake Allah bai ba su haihuwa ba, suka kafa makarantar marayu. Bayan rasuwarta, sai a 1918 ya ɗauki hannun jarinsa na kamfanin ya mayar waƙafi ga wannan makaranta. A riƙe wannan batu na waƙafi, don a kansa amsar take.

A 1931 aka fara buga hoki a garin, a wani ƙaramin zaure da aka daskarar da ruwa a cikinsa. Mutane suka yi cincirindo, sai John Sollenberger, mai kula da wurin shaƙatawar, ya ga akwai kasuwa. A 1932 aka kafa ƙungiyar 'yan sha'awa, aka raɗa mata suna B'ars, lafazin da yake kama da sunan sandar cakulan a Turanci. 'Yan jaridar New York suka yi ta ƙorafi cewa wannan talla ce ƙiri-ƙiri a gasar da ba ta kuɗi ba, shi ne a 1936 aka mayar da sunan Bears, sunan wata ƙatuwar dabba mai gashi ta dazukan ƙasashen sanyi. Bayan ta mamaye gasar 'yan sha'awa, a 1938 ta shiga ta ƙwararru, wadda a 1940 ta ɗauki sunan AHL.

Amma kafin nan an yi abin da na ɗauka shi ne tubalin komai. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a shekarun 1930, Milton Hershey ya shiga gine-gine don ma'aikatan garinsa su samu abin yi: babban otal a 1933, zauren al'umma, filin ƙwallo, da kuma zauren wasanni da aka buɗe a watan Disambar 1936. Injiniya Anton Tedesko, ɗan asalin Ostiriya, shi ya tsara rufin, siririn kankare mai lanƙwasa kamar rabin ganga da aka kifar, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da zai tare wa ɗan kallo gani. Kujeru sama da 7,000, a garin da mutanensa a lokacin ba su kai haka ba. An jera su a tsaye cak, ta yadda na can sama ji yake kamar zai faɗo kan 'yan wasa, ihun jama'a kuma ya bugi kankaren ya dawo kan baƙi. Bears ta yi shekara 66 a wannan zaure. A cikinsa ne ma, ranar 2 ga Maris 1962, Wilt Chamberlain ya ci maki 100 shi kaɗai a wasan ƙwallon kwando, gaban mutum 4,124.

Dalilin da ya sa nake nanata maganar zaure shi ne, a wannan gasa yawanci zaure ne yake kashe ƙungiya. Dubi Pittsburgh Hornets, wadda Hershey ta doke a wasa na bakwai, na raba gardama a jerin wasannin ƙarshe, ta ci kofinta na farko a 1947. Hornets ƙungiya ce mai ƙarfi a babban birni, amma a 1956 aka rushe zauren Duquesne Gardens inda take wasa, ta wayi gari ba ta da wurin sa ƙafa, dole ta dakata. Rushewar wannan zaure ta zama alheri ga Hershey, domin cikin 'yan wasan da ta kwaso daga Pittsburgh akwai ɗan baya Frank Mathers, mutumin Winnipeg ta Kanada.

Mathers ya zo a matsayin ɗan wasa kuma koci a lokaci guda. Ya horar da ƙungiyar kaka 17, ya ci kofi a 1958 da 1959 da 1969. A 1973 ya koma ofis ya zama shugaba kuma manaja, aka sake cin kofi a 1974 da 1980 da 1988 a ƙarƙashinsa, bai ajiye aiki ba sai 1991. Shekara 35 ke nan mutum ɗaya yana wuri ɗaya, a gasar da ɗan wasa ba ya da tabbacin inda zai kwana mako mai zuwa. Uwayen ƙungiya sun yi ta sauyawa a zamaninsa, Boston da Detroit da Pittsburgh da Buffalo da Washington da Philadelphia, kowace ta turo nata yaran ta kwashe. Wanda ya san yadda ake yin abubuwa a Hershey, wanda ya san wane tsohon hannu ne zai riƙe ɗakin 'yan wasa, shi bai motsa ba. A 1992 aka shigar da shi zauren karrama gwanayen hoki da ke Toronto, duk da cewa kusan duk aikinsa a ƙaramar gasa ya yi shi.

Tsakiyar zamanin Mathers ne guguwa ta taso. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida kacal ne a NHL, don haka gwanaye da yawa ba su da gurbi a sama, sai su ƙare rayuwarsu ta wasa a AHL. Willie Marshall misali ne: kaka 20 ya yi a ƙaramar gasa, bakwai daga ciki a Hershey, ya ci ƙwallo 523, adadin da har yau ba a kamo ba, amma wasansa a NHL duka-duka 33 ne. A 1967 NHL ta ninka zuwa 12, ta ci gaba da faɗaɗa, a 1972 kuma wata sabuwar gasa mai suna WHA ta fito tana zawarcin 'yan wasa da manyan kuɗi. Ƙananan ƙungiyoyi suka sha bugu ta fuska biyu: an kwashe musu gwanaye, an kuma shigo musu garuruwa. Hornets, wadda ta dawo a 1961, ta ci kofi a 1967 ta rufe a shekarar saboda zuwan Penguins, sabuwar ƙungiyar NHL, garinta. Buffalo Bisons ta ci kofi a 1970 ta rufe saboda zuwan Sabres, ita ma ta NHL. Cleveland Barons mai kofi tara, wadda ita ce sarauniyar gasar a lokacin, WHA ta shigo mata gari, a tsakiyar kakar 1972 zuwa 1973 ta gudu Jacksonville ta jihar Florida, a 1974 ta mutu. A kakar 1976 zuwa 1977 ƙungiyoyi shida ne kawai suka rage a AHL, Hershey na cikinsu.

A nan ƙanƙantar garin ta zama garkuwa. Babu wanda zai kai ƙungiyar NHL garin mutum dubu goma sha wani abu. Amma garin ba a keɓe yake ba: Harrisburg, babban birnin jihar, bai kai tafiyar rabin sa'a a mota ba, ga Lancaster da Lebanon da York duk a kewaye. Jama'ar yankin sun isa su cika zaure, ba su kai su ja hankalin manya ba.

Wannan kaɗai bai isa bayani ba, domin ƙananan garuruwa da yawa sun rasa ƙungiyoyinsu. Sauran amsar tana wurin mai ita. A 1927 aka raba dukiyar Milton Hershey: kamfanin cakulan a gefe, sauran harkokin garin a wani kamfani daban, wanda a yau ake kira Hershey Entertainment and Resorts. Shi ne yake da wurin shaƙatawa da otal-otal, shi ne kuma yake da Bears. Wannan kamfani mallakar waƙafin makarantar ne, makarantar da a yau take ɗauke da yara kusan 2,000, maza da mata daga gidajen marasa ƙarfi, ci da sha da sutura da karatu duk kyauta. Attajirin da ya sayi ƙungiya don sha'awa yana iya gajiya, yana iya karyewa, yana iya mutuwa magada su sayar. Babbar ƙungiya da ta mallaki ƙaramarta, kamar yadda akasarinsu suke a yanzu, tana iya cewa nisan ya yi yawa a matso da ita, abin da ya faru da Manchester ke nan. Shi kuwa kamfanin da kadarorinsa duk a ƙasar Hershey suke kafe, ina zai kai ƙungiya? Wurin shaƙatawarsa da lokacin zafi yake cika. Idan sanyi ya shigo, hoki ne yake kawo mutane gari, su ci abinci, su kwana a otal. Ƙungiyar tana da amfani ga mai ita a wannan wuri fiye da yadda za ta yi a ko'ina.

Ba na son in mayar da garin kamfani aljanna. A watan Afrilun 1937, 'yan watanni bayan buɗe zauren, ma'aikatan masana'antar suka yi yajin aiki suka zauna daram a ciki. Manoman yankin, waɗanda madararsu take lalacewa tunda babu mai saya, suka haɗu da ma'aikatan da ba su shiga yajin ba, suka fitar da su da duka. Inda mutum ɗaya ne yake da wurin aikinka da gidanka da bankinka da wurin hutunka, kyautatawarsa ma igiya ce a wuya. Kuma arzikin da ya gina wannan gari daga koko yake, amfanin gonar da fiye da rabinsa a duniya daga Kwaddebuwa da Ghana yake fitowa a yau, daga hannun manoman da kaso kaɗan na kuɗin cakulan yake isa gare su. Waƙafin ma ya taɓa girgiza garin. A 2002 amintattunsa suka sa kamfanin cakulan a kasuwa, kamfanin Wrigley ya taya dala biliyan 12.5. Mutanen gari da ma'aikata da tsofaffin ɗaliban makarantar suka fito zanga-zanga, babban lauyan jihar ya garzaya kotu, a watan Satumba aka fasa. Wata guda bayan haka Bears ta tare a sabon zaurenta, Giant Center, mai kujeru 10,500. Dorewar da nake yabo, akwai lokacin da sai da jama'a suka tsaya da ƙafarsu suka kare ta.

Saura tambaya mafi wuya: ta yaya ake cin kofi da 'yan wasan aro? Akwai saɓani na asali tsakanin uwa da 'ya. Uwa so take a ba yaronta ɗan shekara 20 lokaci mai yawa a fili, ya yi kuskurensa a nan ya koya, ko da za a sha kashi. Ita kuwa ƙaramar da take da 'yan kallon da suka saba da kofi, nasara take so daren yau. Idan uwa ce mai ƙungiyar, magana ta ƙare, abin da ta ce shi za a yi. Hershey tana da bakin magana saboda ita ke da kanta. Bayan ta ci kofi a 1997 da yaran Colorado Avalanche ƙarƙashin koci Bob Hartley, abubuwa suka yi ta ja baya, har ta kasa shiga wasannin kofi a 2004 da 2005. Sai aka raba gari, ta ƙulla da Washington Capitals, wadda tsakaninsu tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce a mota. Amma kada a ɗauka ƙarama tana iya zama ba uwa. Chicago Wolves, wadda ita ma mai zaman kanta ce, ta gwada haka a kakar 2023 zuwa 2024, ta tara nata 'yan wasan da kuɗinta, ta kasa kai wa wasannin kofi, kaka na zagayowa ta koma wa tsohuwar uwarta, Carolina.

Abin da Hershey da Washington suka daidaita a kai, a fahimtata, shi ne cewa yaro ya fi koyo a ƙungiyar da take cin wasa. Washington ta turo masu tasowa, sannan aka cike 'yan guraben tsofaffin hannu da mafi kyawun waɗanda ake iya samu, wasu ma Hershey ce take sa musu hannu da kanta. Sakamakon bai ɓoyu ba. Kofi a 2006 a kakar farko, zuwa wasan ƙarshe a 2007, kofi a 2009, kofi a 2010. Ƙungiyar 2010 ta ci wasa 60 cikin 80, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, kuma a zagayen ƙarshe Texas Stars ta cinye ta wasa biyu na farko a gidanta kafin ta farfaɗo ta ci huɗu a jere. Washington ma ta kwashi rabonta. A watan Nuwamban 2007, kaka na tsaka, ta kori kocinta ta ɗauke Bruce Boudreau daga Hershey, a ƙarshen kakar aka zaɓe shi gwarzon koci na NHL. Lokacin da ta ci kofin Stanley, babban kofin NHL, karo na farko a tarihinta a 2018, mai tsaron ragarta Braden Holtby, da ɗan bayanta John Carlson, da Jay Beagle, duk ta Hershey suka biyo. Spencer Carbery, wanda ta ba aikin koci a 2023, shi ma ya riƙe Bears daga 2018 zuwa 2021.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda ba su wuce ba. Alexandre Giroux ya ci ƙwallo 60 a kakar 2008 zuwa 2009, ya ƙara 50 a ta gaba, amma wasanninsa na NHL gaba ɗaya ba su kai 50 ba. Irin waɗannan sun fi ƙarfin ƙaramar gasa, sama kuma taku ɗaya ya rage musu, wani saurin ƙafa ne, wani girman jiki, wani kawai gurbinsa a cike yake ranar da yake kan ganiyarsa. Su ne suke zama su yi shekaru, su kama haya a gari, 'ya'yansu su shiga makarantar unguwa. Su ne suke koya wa yaro ɗan shekara 20 yadda ake cin abinci da barci da jure tafiyar dare a motar safa, suna sane sarai cewa yaron da suke gyarawa shi zai tsallake su. Bryan Helmer, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin 2009 da 2010, ya dawo a 2016 ya karɓi ragamar harkokin wasa na ƙungiyar, hanyar da Mathers ya bi.

Su kuma 'yan kallo, da yake sun san fuskokin za su sauya, sai suka rataya soyayyarsu a kan riga mai launin cakulan da kuma al'adun da suke nasu. Hershey ta yi shekaru da dama a jere tana kan gaba a yawan 'yan kallo a gasar. Sau ɗaya a shekara kowa yakan zo da 'yan tsana masu laushi, wasu a leda, wasu a manyan buhuna, da zarar Bears ta ci ƙwallon farko sai a yi ta jifa da su cikin fili. Al'adar daga Kamloops ta Kanada ta samo asali a 1993, Hershey ta ɗauka a 2001. Na layin sama ba ya iya kai jifa fili, don haka sai ya jefa wa na ƙasa da shi, shi ma ya miƙa gaba, 'yan tsana suna gangarowa kan jama'a kamar ruwan sama, 'yan wasa suna faɗawa cikin tulin suna dariya, a dakatar da wasa fiye da rabin sa'a ana kwasa. Daga baya a ƙirga a raba wa ƙungiyoyin agaji da asibitocin yara. A watan Janairun 2025 an ƙirga 102,343. A Janairun 2023 kuwa ƙwallon ta ƙi shiga, Bridgeport tana gaba da ci 2 da nema, jama'a suna rungume da kayansu har wasa ya zo ƙarshe. Saura daƙiƙa biyar da 'yan kai aka fara jifa ba tare da ƙwallo ba, aka ƙirga 67,309.

Wata biyar bayan wannan dare ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da Coachella Valley Firebirds, 'yar Seattle Kraken, wadda kakarta ta farko ke nan a duniya, a sabon zaure cikin hamadar Kalifoniya. Mafi tsufa a gasar da mafi ƙuruciya. Aka yi kunnen doki uku da uku, aka je wasa na bakwai ranar 21 ga Yunin 2023 a gidan Firebirds, masu gida suka fara cin biyu. Yaran Washington biyu, Connor McMichael da Hendrix Lapierre, suka farke. A ƙarin lokaci, inda ƙwallon farko take raba gardama, faifan ya tsaya a cunkoson ƙafafu gaban raga, Mike Vecchione ya tura shi ciki. Shekararsa 30 a lokacin, wasansa a NHL uku ne kacal. Da kaka ta zagayo McMichael ya samu gurbi a Washington bai sake dawowa ba. Vecchione ya koma Hershey, kuma yana cikin waɗanda suka sake doke Firebirds a watan Yunin 2024, wannan karon a gida, suka ɗaga kofi na 13.